Kurege a Gonar Kaka

Legas, 12 ga Afrilu

Yaya Yusha'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Anti Bahijja da yara. Yaya ƙafar Inna Kande? Ka ce mata ina gaishe ta da jiki. Ni lafiya lau nake, sai cunkoson garin nan da har yau na kasa sabawa da shi.

Na rubuto ta imel maimakon in kira ne domin na san shagonka. Kana magana da ni kana kwance wayar wani, rabin zancen ya zube a ƙasa. Wannan kuwa so nake ka zauna ka karanta.

Ka tuna hotunan gonar Gwangwan da na sa ka ɗauko mini da kakar bara, kana ta tambayata na mene ne? Wasan gem nake ginawa da su, ni kaɗai, ranakun da ba aiki. Irin na da ne, irin na gidan gem ɗin da ka riƙe a bakin tashar Karaye, wanda nake leƙe ta taga domin ba a barin 'yan mata su shiga. Kurege ne yake tsalle daga kunya zuwa kunya, daga rumbu zuwa reshe, yana tsintar gyaɗa. Na haɗo maka shi tare da wannan saƙo. Ban gama fuskarsa ba, "Gwaji" kawai za ka gani in ya buɗe. Ka buga shi har ƙarshe, ka rubuto mini abin da ya yi da abin da bai yi ba. Kada ka ji kunyata. Abokan aikina a nan ba su taɓa ganin kunya ba balle su san yadda ake tsallake ta, duk abin da na nuna musu sai su ce ya yi kyau.

In ka je Gwangwan ka gaishe mini da Kawu Ɗantala, ka karanta masa gaisuwata da bakinka. Tun rasuwar Umma ban taka garin ba, na san yana jin haushina, kuma yana da gaskiya.

Sai wata alfarma. A hotunan da ka turo babu gefen rafi ko ɗaya. Ina buƙatarsa, tare da iyakar wajen, daga tsamiya zuwa kuka, daidai inda tamu ta tsaya ta maƙwabta ta fara. Sauri nake, domin in Allah ya yarda bayan babbar sallah zan sa Gonar Kaka a kasuwa. Akwai wani kamfani da suka gani suka nuna sha'awa, har sun ce za su sa mutanensu su duba.

Taka ƙanwa,
Sadiƙa

Karaye, 27 ga Afrilu

Ƙanwata Sadiƙa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Saƙonki ya same mu lafiya, mun gode Allah. Ƙafar Inna da sauƙi, jiya ma a can Yammedi inda take zaune ta taka har gidan suna, ta dawo tana mita. Bahijja tana gaishe ki. Hadari ya fara haɗuwa amma bai sauka ba tukuna.

Na buga kuregenki. Bari in fara da mai daɗi.

Tsallen ya yi. In na taɓa madanni a hankali sai ya yi ɗan gajere, in na riƙe ya yi dogo, jelar ta buɗe ya sauko sannu-sannu. Babban yatsana ya gane shi tun kafin kaina ya gane. Zanen ma ya yi. Na san da gangan kika yi shi ƙwaya-ƙwaya irin na kaset, amma duk da haka na gane rumbun nan da ya karkace, na gane kukar nan mai rami. Da na shiga ramin na tarar da ƙwan zabi a ɓoye, sai da na ajiye wayar na yi dariya ni kaɗai a shago, domin a nan muke ɓoye mangwaro. Kiɗan yana ƙyas-ƙyas irin na tsofaffin akwatunan gem, amma wanda ya kasa kunne zai ji kalangu a ƙasansa. Ba ya cin data, ba talla da ke faɗo wa mutum a fuska. Allah ya yi miki albarka.

To, ga ɗaya ɓangaren, tunda kin ce kada in ji kunya.

Kyamarar tana da taurin kai. Da na shiga tsakanin rumbuna sai ta maƙale a bayan bango, ni ina kallon jinka, kurege yana faɗawa rijiya. Sannan kin cika kaya. Gyaɗa, ƙwan zabi, ganyen zogale, makullan rumbu, gashin fakara, mutum bai san wanne ne dole wanne ne ado ba. Ƙofar zango na uku ba ta buɗewa sai an tsince gyaɗar baya kaf, na kashe yammaci guda ina neman ƙwaya ɗaya, ashe tana bayan turmi. Mu a da mun haƙura da irin wannan wahala ne domin kaset ɗaya gare mu. Yaran yanzu gogewa za su yi. Shahon da ke farautar kuregen kuma yana zuwa ba inuwa ba ƙara, sai dai ka ga an ɗauke ka. Zango na huɗu kuwa, na rafi, fili ne kawai da ruwa shuɗi, ba bishiya, ba lungu. Kamar ba ke kika yi shi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na yi jinkirin amsa.

Ranar Juma'a na je Gwangwan. Na tarar da Kawu a zaure yana ɓarar gyaɗar iri, na zauna na karanta masa saƙonki kamar yadda kika ce. Ya ji gaisuwa ya amsa, har ya ɗan saki fuska. Da na kai ƙarshe sai hannunsa ya tsaya a cikin kwando.

Ya ce, "Sake karanta wurin nan."

Na sake.

Ya ce, "Wane kamfani?"

Na ce, "Kawu, ina jin maganar gem ɗin take yi."

Ya ce, "Gem ɗin ne yake da iyaka daga tsamiya zuwa kuka?"

Ya tura kwandon gefe ya shiga gida, har na tafi bai fito ba.

Ni a ganina zancen wasan kike, amma a kan babur ina dawowa na yi ta juya shi. Kin rubuta "Gwaji" ne sunan da zan gani, sannan kika ce gonar Kaka za ki sa a kasuwa. Ki fito mini da shi fili, in sami abin kai masa.

Game da hotunan rafi, wancan karon da na nufi wajen Kawu ne ya tare ni, ya ce in bari, wurin yana da masu shi yanzu. Kin san ni da tsoron maciji, ban ja ba. Wannan karon ko tambaya ban yi ba.

Naki yaya,
Yusha'u

Karaye, 20 ga Mayu

Sadiƙa,

Sallama da gaisuwa. Muna nan lafiya, an yi ruwan shuka, kowa yana gona. Inna ce dai hawan jininta ya motsa, za ki ji dalili.

Ba ki amsa ba. Na kira layinki ba iyaka, kullum a kashe. Na ce wa kaina aiki ne ya yi miki yawa, har ranar da wasu mutane suka zo da farar mota suka tsaya a bakin hanyar da ta bi gefen gonar. Suna da wata na'ura mai ƙafa uku, ɗaya yana leƙe ta ciki, ɗaya yana riƙe da doguwar sanda mai zane. Ba su gaisa da kowa ba, suka gama suka tafi.

Ranar kasuwa Kawu ya zo Karaye. Ni dai tun da na buɗe shagon nan bai taɓa shigowa ba. Na ba shi kujera ya ƙi zama. A gaban masu jiran gyara ya ce, "Kai ka auna mata. Ka zo gidana ka ci tuwona, ka zaga gonar ubana da waya, ashe awo kake." Na ce hoto ne kawai na wasa. Ya ce, "To ga masu wasan nan sun zo da mota." Daga nan ya wuce Yammedi wajen Inna, ya ce mata 'ya'yan 'yan'uwansa mata sun haɗa baki za su sayar da gado ba a raba ba. Ta yi ta rantsuwa ba ta san komai ba. Tun ranar ba ta da sukuni.

Ba zan ɓoye miki ba, na sake buɗe wasan da wani ido. A da ina tsalle ne ina nishaɗi. Yanzu sai na kai kuregen bakin gona ta kowace kusurwa, in ga inda yake tsayawa. Akwai wani bango da ba a gani, wanda yake hana shi wucewa. Sadiƙa, bangon nan daidai yake da iyakarmu. Ta gabas ya tsaya a jerin aduwa, ta arewa a tsohuwar rijiya. Ko mai unguwa ba zai fi haka daidai ba. Sai na fara tambayar kaina, shin ra'ayina kike so, ko so kike in tabbatar miki taswirar ba ta da kuskure? Me ya sa wasan yara zai buƙaci sanin inda ta maƙwabta ta fara?

Abin haushin, ko da wannan tunani a raina ban iya ajiye shi ba. Na gano in aka yi tsalle daga saman kuka aka riƙe jela, ana iya sauka kan rumbun ƙarshe ba tare da an bi ta wajen karen da ke gadi ba. Ban sani ba ko da gangan kika bar wannan hanya. Wayar kuma tana zafi in an daɗe, ki duba.

Ki saurare ni. Idan haƙƙin mahaifiyarki Inna Sabuwa kike nema, haƙƙinki ne, babu mai hana ki, ni ne farkon wanda zai tsaya miki. Shekaru sun ja Kawu yana noma gonar shi kaɗai, kowa ya yi shiru don kunya. Amma akwai hanya. A zauna, a kira liman da dagaci, a raba. Ba a aiko baƙi da mota ba, ba kuma a mayar da ni ɗan aike ban san saƙon da nake ɗauke da shi ba.

Idan kuwa ba haka ba ne, shirunki yana yi mana ɓarna.

Yusha'u

Legas, 2 ga Yuni

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti Bahijja. Ka yi wa Inna Kande sannu, ka ce mata ta kwantar da hankalinta, ka tabbata tana shan maganinta.

An fizge mini waya ta tagar mota ina dawowa daga aiki, kwana kaɗan bayan na rubuto maka. Imel ɗina kuma ba ya buɗewa sai da lambar da ake turowa layin da aka sace. Na yi ta zarya kafin a dawo mini da layin. Shekaranjiya na buɗe na tarar da saƙonninka biyu, na karanta su a jere. Na ga kiranka jiya. Ban ɗauka ba, domin da na ɗauka da na faɗi abin da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta.

Gonar Kaka sunan wasan ne. Na daɗe ina kiransa haka a raina har na manta ban taɓa faɗa maka ba. Kasuwar kuwa ita ce inda ake sauke wasanni a waya. Kamfanin wasu matasa ne masu taimaka wa irina su fitar da aikinsu, mutanensu kuma wasan za su duba, ba ƙasa ba. Masu farar mota ban san su ba. Bangon da ka gano, dole kowane wasa ya ƙare a wani wuri, ni kuwa na tsayar da shi inda hotunanka suka tsaya. Na nemi iyaka ne don kada in zana gonar wani in ce tamu ce.

Laifin rubutun nawa ne, na yarda. Amma Kawu tsoho ne, bai san gem ba. Kai fa? Kai ka ga ƙwan zabi a ramin kuka. Ka ɗauka mai shirin sayar da wuri ce za ta zauna ta zana inda kuke ɓoye mangwaro?

Bari in amsa maganar aiki, tunda ita na tambaya. Kyamara ka yi gaskiya, na sa bango ya riƙa dusashewa in ya tare ido. Shaho zai sami inuwa. Na cire zogale da gashin fakara. Ƙofar zango na uku za ta buɗe da mafi yawan gyaɗar, ba sai duka ba, amma wanda ya tsince kaf zai sami abin da wani bai samu ba. Ban yarda da kai ba cewa yaran yanzu ba su da haƙuri, 'ya'yanka na gani suna bin fara a gona har la'asar. Hanyar saman kuka kuskure ce, amma na bar ta.

Zango na huɗu fili ne domin ba ni da abin zanawa. Nan ne kuma na tsaya na sake karanta saƙonka na farko.

Ka ce Kawu ya ce wurin yana da masu shi yanzu, kai ka ɗauka maciji yake nufi. Yaya, maciji a bakin rafi tun muna yara yake. Me ya sa zai ce "yanzu"? Kuma ka duba, mutumin da ya san gado ba ya sayuwa sai da hannun kowa, me zai tayar masa da hankali haka don yarinya ta rubuta layi ɗaya daga Legas? Ai dariya ya kamata ya yi. Wanda ya firgita da jin za a zo a duba, akwai abin da ba ya so a gani.

Umma ta sha faɗa mini cewa Kaka ya ce gefen rafi na 'ya'yansa mata ne, ita da Inna Kande. Ban taɓa tayar da maganar ba. Yanzu ina so in sani ko wurin yana nan, ko Kawu ya riga ya yi abin da yake zargina da shi.

Ka je ka gani da idonka. Kada ka bi ta gidansa.

Sadiƙa

Karaye, 16 ga Yuni

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Barka da sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya, Inna ta samu sauƙi tun da na karanta mata bayaninki. Ki yafe mini. Ba ni da abin cewa a kan wannan sai haka.

Masu farar mota kuwa, awon kwalbatin da za a yi a hanyar suka zo yi, har an sauke yashi.

Na je rafi kamar yadda kika ce. Na ajiye babur a wajen wani abokina, na zaga ta bayan makaranta. Daga tsamiya na fara hango hayaƙi. Bukkoki ne guda uku a ƙarƙashin dorawa, an kewaye su da zana. An shuka dawa da wake har bakin ruwa, shuka mai kyau, ta wanda ya iya. Wata mata tana daka, da ta gan ni ta saki taɓarya ta tattara yara ta shige. Sai wani mutum dogo ya fito daga cikin shuka da fartanya. Na yi sallama ya amsa, amma idonsa yana kan hannuna, inda wayata take.

Ya ce, "Don Allah malam, ka sa ta aljihu."

Na sa. Na ce ni jikan mai gonar ne. Ya ce sunansa Lukumanu, in ina da tambaya in yi wa Malam Ɗantala. Harshensa ba na nan ba ne, na yamma ne. Ya kawo mini ruwa a kwano, amma bai zauna ba har na tafi.

Na wuce kai tsaye wajen Kawu. Na fara da bayaninki, na buɗe masa wasan, na nuna masa kuregen yana tsalle a kan rumbunsa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ne kayan sayarwar?" Na ce shi ne. Sannan na ce daga rafi nake.

Bai yi faɗa ba. Ya ce in rufe ƙofar zaure.

Ga abin da ya faɗa. Lokacin yana saurayi yana fataucin gyaɗa, ya kwanta ciwo a wani ƙauye can yamma, mahaifin Lukumanu ya ɗauke shi ya yi jinyarsa har ya tashi. Bara 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyen. Suka ce Lukumanu ya riƙa sayo musu kaya a kasuwa, tunda yana da babur. Ya ƙi, ya kwashe iyalinsa ya gudu, suka ƙone gidansa, suka aika cewa duk inda yake za su same shi. Ya iso Gwangwan da sunan Kawu kawai a bakinsa. Kawu ya kai shi wajen dagaci, aka yi bincike, aka yarda ya zauna, shi kuma ya ba shi aron gefen rafi.

Na ce, "Kawu, me ya hana ka faɗa mana?"

Ya ce, "Uwarka ta ji, Yammedi ta ji. Yammedi ta ji, kasuwar Karaye ta ji."

Na ce, "Amma ka san wajen na su Inna ne."

Can ya ce, "Na sani. Shi ne wajen da ba a hangowa daga hanya."

Tsoronsa biyu ne. Ya ɗauka za ki sayar a kori mutanen. Yanzu da ya gane, sai ya koma kan wasan. Ya tambaye ni ko akwai sunan Gwangwan a ciki, na ce akwai, a allon farko na kowane zango. Ya ce, "Abin da zai shiga wayar duk duniya, da sunan garin da hanyar rafin?" Na ce masa masu neman Lukumanu ba a wasan kurege za su neme shi ba. Ya ce ni ban san su ba, shi ma bai san su ba, Lukumanu ne ya san su, shi kuwa ko ƙarar babur ya ji sai ya miƙe.

Ba zan ce miki hankalina ya kwanta duka ba. Labarin Lukumanu daga bakin Lukumanu ya fito, binciken dagaci kuma ban san zurfinsa ba. A Gwangwan akwai masu gunaguni, suna cewa baƙon da ya zo daga can ba a san wa ya bari a baya ba, ko wa yake kira. Ni na ga yaransa, na ga shukarsa, na ga yadda matarsa ta gudu. Mai mugun nufi bai cika yin kunya mai kyau haka ba, amma wannan ba hujja ba ce.

Ban ɗauki hoto ko ɗaya ba, kuma ba zan ɗauka ba. Na faɗa wa Inna, na roƙe ta ta riƙe bakinta. Ta ce rabonta ta bar wa Kawu ya yi yadda ya ga dama. Saura naki.

Naki yaya,
Yusha'u

Legas, 29 ga Yuni

Yaya Yusha'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da iyali da Inna. Ni lafiya. Na yafe, kai ma ka yafe mini zafin alƙalamina. Na zargi Kawu da sayar da wuri, ashe bayarwa ya yi.

Na cire sunan Gwangwan daga ko'ina. Na juya hanyar, na matsar da makaranta, wanda bai tashi a gonar ba ba zai gane ta ba. Na san kamar kai cewa da wuya wani ya bi kurege ya gano mutum, amma ba ni ce nake miƙewa in na ji babur ba. Rafin zan zana shi daga abin da na tuna, lokacin da Umma take kai ni wanki. Masu kamfanin sun ce jinkirin zai sa su ba wa wani wasa gurbina, sai wata shekara in da rabo. Na ji zafin wannan, ba zan ce ban ji ba.

Ran Talata ina ofis wata baƙuwar lamba ta kira ni. Kawu ne, da wayar wani. Ya gaishe ni, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwan Legas, ya tambayi ko ana samun dawa a nan. Ya sake komawa kan aiki. Ina jin numfashinsa, yana ta neman bakin zaren. Na ce, "Kawu, yaya baƙinka?" Ya ce, "Suna gaishe ki." Sai ya ce, "Muryarki irin ta Sabuwa," kafin in amsa ya kashe.

Ga shawarata, ka kai masa. Ban yarda a ci gaba da shiru ba, shirun ne ya kai mu nan. Zan ɗauki hutu da kaka in zo. A kira liman da dagaci a raba gonar kamar yadda shari'a ta ce, kowa ya san nasa. Idan rabon Umma ya faɗo a rafi, Malam Lukumanu ya ci gaba da nomansa, amma daga hannuna zai karɓi aron, a gaban shaidu, ni ma in gan shi ya gan ni. In akwai abin tsoro a tare da shi, gara a sani da mu a ciki. In babu, masu gunaguni su ji cewa da izinin mai wuri yake zaune. Kawu kuma ya huta da ɗaukar wannan kaya shi kaɗai.

Zan turo maka sabon gwaji in na gama rafin. Ka ba 'ya'yanka su buga, mu ga wa ya yi gaskiya tsakanina da kai.

Abu na ƙarshe. A Gwangwan zan sauka, ba a Karaye ba, ka ba Anti Bahijja haƙuri. Ka ce wa Kawu ɗakin Umma nake so. Na san a rufe yake tun ranar da aka fitar da ita. Kada ya sa kowa ya share, ni zan buɗe in share da kaina.

Taka ƙanwa,
Sadiƙa